Matafiyi, ka kula da ƙafarka



A zamanin da, fataken Damagaram suna takawa a ƙasa har Kano, wajen kilomita 240. Madugu ya san in ƙafar mutum guda ta lalace, ayari duka ya tsaya. Har yau makiyaya da masu cin kasuwar Mirriya ran Lahadi da ƙafa suke tafiya.

Wani maƙwabcina ya taka ƙaya a hanyar kasuwa. Ya ce ba komi. Wurin ya kumbura, ya zama gyambo. Damina ta wuce bai riƙe hauya ba, sai da ya ci bashin hatsi.

To, ga abin yi.

Kada ka kama doguwar hanya da sabon takalmi. Ka saba da shi a gida tukuna, don kada ya yi maka bororo.

Ka yanke farce. Ka riƙe matsefata a aljihu.

In ka sauka zango, wanke ƙafa da sabulu, ka share tsakanin yatsu, ka shafa man kaɗe saboda faso.

In ƙaya ko ƙusa ta soke ka, wanke wurin, ka ɗaure da tsumma mai tsabta. Kada ka sa ƙasa ko kashin shanu. In ya yi zafi da mugunya, tafi likita.

Mai ciwon sukari, duba ƙafarka kullum, don ƙaya takan shiga ba ka ji ba.

Allah ya kai mu lafiya.