Waƙar hip hop: Wa ke yanke hukuncin wanda zai ɗaukaka?

 

Batunmu na yau a Amurka yake, amma sautinsa yana cikin wayoyin ƙannenmu, saboda haka ya kamata mu san yadda abin yake tafiya. Ita wannan waƙa ta hip hop, a unguwar Bronx ta birnin New York ta taso a 1973, a cikin talakawa baƙar fata. Shekara da shekaru, mawaƙin da aka san yana neman jinsinsa ba shi da wurin zama a cikinta, zagi ne kawai rabonsa a cikin baitoci. Kada wani ya ɗauka tsoron Allah ne ya kawo wannan. Bakin da ke zaginsu, shi ne dai yake kambama bindiga da ƙwaya da wulaƙanta mata.

To, sai al'amari ya fara juyawa. A 2012 wani mawaƙi mai suna Frank Ocean ya rubuta wasiƙa a intanet, ya ce wanda ya fara so a rayuwarsa namiji ne. Da yawa sun zaci sana'arsa ta mutu ke nan. Sai ga shi a 2013 kundinsa na Channel Orange ya ci kyautar Grammy.

Wanda ya fi girgiza kasuwar shi ne Lil Nas X, yaro ɗan jihar Jojiya. Dala 30 kacal ya sayi kiɗan waƙarsa ta Old Town Road daga wani matashi ɗan ƙasar Holan, ya yaɗa ta a TikTok, kamfanin Columbia ya ɗauke shi. A 2019 waƙar ta yi mako 19 tana ta ɗaya a jadawalin Billboard, abin da ba a taɓa yi ba kafin lokacin. Yana kan wannan ganiya, a ƙarshen watan Yuni, ya fito ya bayyana kansa, ciniki kuwa bai ragu ba. A nan ne manyan kamfanoni suka gane cewa abin da suke tsoro a da ya zama haja.

Ku lura da abin da ya faru a 2021. Shi wannan yaro ya haɗa kai da kamfanin MSCHF suka fitar da takalma ƙafa 666 da sunan Shaiɗan, aka ce har da ɗigon jinin mutum a ciki. Kiristocin Amurka suka yi ta Allah wadai, amma abin da ya tsayar da cinikin shi ne ƙarar da kamfanin Nike ya kai saboda an taɓa tambarinsa. A wannan shekarar dai, DaBaby ya yi kalaman cin mutunci ga masu neman jinsinsu da masu ɗauke da cutar ƙanjamau a wani taron kiɗa a Miyami, cikin 'yan kwanaki bikin Lollapalooza na Chicago ya soke gayyatarsa.

Hukuncin addininmu a kan wannan ɗabi'a sananne ne, ba shi muka zo maimaitawa ba, kuma ba mu zo zagin kowa ba. Tambayata ita ce, wa ya rufe ƙofar a da, wa ya buɗe ta yanzu? Kamfanoni uku, wato Universal da Sony da Warner, su ke riƙe da mafi yawan kasuwar waƙa ta duniya, shi Columbia ɗin ma a ƙarƙashin Sony yake.