Lacca a kan Jinginar Gida da Gona

Ya ku malamai da masu gari da dattawan Agye da Gazawa da Gidan Rumji, abin da nake nufin in jawo hankalinmu a kansa yau shi ne jingina, wadda fuƙaha'u ke kira rahanu.

A Amurka mutum yakan jinginar da gidansa ya karɓi bashin banki gwargwadon abin da ya riga ya biya na kuɗin gidan, kuma da farashin gidaje ya faɗi a 2008, miliyoyin mutane suka wayi gari an karɓe musu muhalli. Mu nan gidan laka ba ya tsada, saboda haka dukiyar da talaka ke jinginarwa ita ce gonar gado, a ƙasar da jama'a ta yi yawa har gandun kaka ya koma 'yan gayauna.

Ku dubi magidanci a tsakiyar damina, rumbu ya ƙare, gero bai nuna ba, ga mara lafiya a ɗaka, kamar yadda muka gani a yunwar 2005. Sai ya tafi da daddare wajen mai hali, ya karɓi jikka hamsin ba takarda ba ajali, a kan cewa mai kuɗi zai riƙa noman gonar har ranar da aka biya shi. Baɗi war haka za ka same shi da hauya yana ƙwadago a cikin gonar ubansa, domin abin da zai biya bashin da shi, shi ne ya bayar. In shekaru suka tura, shaidu suka ƙaura, sai magada su gaji husuma.

Shari'a ba ta hana rahanu ba, gama ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi wafati sulkensa na jingine wajen wani Bayahude saboda sha'ir. Sai dai malaman Malikiyya sun bayyana cewa rance in ya jawo wa mai bayarwa amfani ya zama riba, kuma abin jingina ba ya zama mallakar mai bin bashi don kurum an kasa biya. Sayarwa ake yi, ya ɗauki haƙƙinsa, a mayar wa mai shi saura.

Shawarata ita ce, wanda lalura ta tilasta wa, ya yanka ajali, ya kafa shaidu, ya rubuta a gaban kwamitin filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada. Mafi alheri kuwa, mu ƙarfafa ƙungiyoyin da ke ajiye hatsi da wake a sito lokacin kaka su ba da rance a kansu, domin wanda ya jinginar da buhu amfanin shekara guda ya sa a haɗari, gonar kuwa tana nan tana jiran shuka.

Allah ya raba mu da ƙangin bashi.