Duban Sama Ba Duba Ba Ne

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya ƙawata sama da taurari, ya sanya rana da wata suna gudana bisa lissafi. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa. 

Abin da ya tara mu yau magana ce a kan wani ilmi da muka yi wa riƙon sakainar kashi, wato ilmin falaki. Da yawa daga cikinmu da zarar sun ji an ambaci taurari sai hankalinsu ya tafi wajen 'yan duba da masu bugun ƙasa. Lallai sai mun rarrabe. Ilmin da shari'a ta hana shi ne tanjimi, wato da'awar cewa tauraro kaza ne ke kawo arziki ko tsiya, ko sanin gaibu ta hanyarsa. Amma sanin tafiyar rana da wata domin lokutan salla da alƙibla da ƙirgen watanni, wannan Alƙur'ani da kansa ya yi nuni gare shi: aya ta 5 ta Suratu Yunus ta bayyana cewa an sanya wa wata masaukai ne domin mu san adadin shekaru da lissafi, aya ta 97 ta Suratul An'am kuma ta ambaci shiryuwa da taurari a cikin duffan tudu da kogi.

Magabatanmu sun fahimci haka. Al-Battani, wanda ya rasu a 929, ya auna tsawon shekarar rana ya samu kwana 365 da sa'a 5 da minti 46, kuskurensa 'yan mintuna ne kawai. Abdurrahman as-Sufi ya rubuta littafinsa na surorin taurari wajen shekarar 964. Ibn Shaɗir kuwa, wanda ya rasu a 1375, aikinsa shi ne tsare lokutan salla a masallacin Umayyawa na Dimashƙa. Har gobe Turawa suna kiran taurari da yawa da sunayen Larabci, kamar Dabaran. To, ina muka baro wannan gado?

Sakamakon sakacinmu muna ganinsa a bakin azumi da bakin salla. Wani ya rantse ya ga wata a daren da watan ya riga rana faɗuwa, gari ya rabu biyu, wasu suna azumi wasu suna cin tuwon salla, maƙiya suna dariya. Ba duk mai irin wannan shaida ba ne maƙaryaci. Sau da yawa mutumin kirki ne, ya hango Zahra, wadda Hausawa ke kira Zara matar wata, ko wani siririn gajimare, ko farin layin da jirgin sama ya bari, ɗoki ya sa ya ɗauka jinjirin wata ne. Tsoron Allah sharaɗi ne na shaida, amma ido ma yana bukatar horo.

Ga kaɗan daga abin da ya kamata kowane mai duban wata ya sani. Matsakaicin watan ƙamariyya kwana 29 da rabi ne, shi ya sa wata ke yin 29 ko 30, shekara kuma take yin kwana 354 ko 355. Bayan wata ya haɗu da rana, a kowane yini yana nisantarta da kimanin daraja 12. Ba a tabbatar da ganinsa da ƙwayar ido ba yana ƙasa da kimanin sa'a 15 da haɗuwar, galibi ma sai ya haura haka sosai. Ana nemansa ne a yamma bayan faɗuwar rana, kusa da inda ta faɗi, kuma gefensa mai haske yana fuskantar wajen rana. Saboda haka wanda ya ce ya gan shi a tsakiyar sama, ko ƙahonninsa suna kallon ƙasa, wani abu daban ya gani.

Kada wani ya zaci muna kira a bar gani a koma lissafi. Manzon Allah (SAW) ya rataya azumi da shan ruwa a kan ganin wata, in an yi hazo a cika talatin. Abin da muke cewa shi ne ilmi yana tsare gani daga ruɗu. Malaman Malikiyya ma sun ce idan adilai biyu suka ba da shaida, aka ƙirga talatin, sama na garau ba a ga sabon wata ba, to an ƙaryata shaidarsu. Imam Subki, wanda ya rasu a 1355, ya tafi a kan cewa ana mayar da shaida idan lissafi tabbatacce ya nuna ganin ba ya yiwuwa.

Don haka muke kira ga kowane reshe ya kafa halƙar masu duban sama. Abin ba ya bukatar dukiya. Mutum biyar ko goma, da malami guda, da littafin rubutu, da agogo, sai wuri mai tudu a bayan gari inda hasken lantarki bai kai ba. A fita ranar 29 ga kowane wata, ba Sha'aban da Ramadan kaɗai ba, a rubuta lokacin faɗuwar rana, da yanayin sama, da ko an gani ko ba a gani ba. Wanda ya yi shekara yana haka, Zahra ba za ta ruɗe shi ba. Abin da aka gani a miƙa shi ta hannun shugabanni zuwa ga kwamitin ganin wata na fadar Sarkin Musulmi, kada kowa ya zama mai shelar kansa. Idan an samu tabarau mai kawo nesa kusa, a nuna wa yara ramukan wata da watanni huɗu na Mushtari, amma a kiyaye, kada a kuskura a dubi rana da shi, domin yana makantarwa. A gayyaci dattawan ƙauye su nuna mana Gamzaki da Kaza da 'ya'yanta kafin su tafi da saninsu.

Aiki na biyu shi ne alƙibla. Daga ƙasar Hausa Makka tana gabas maso arewa ne, ba gabas sak ba. Sau biyu a shekara rana tana tsayawa daidai bisa Ka'aba: ranar 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogon Nijeriya da Nijar, da ranar 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27. A kafa sanda miƙaƙƙiya a fili. Wanda ya tsaya a ƙarshen inuwarta ya fuskanci sandar, ya fuskanci alƙibla. Da wannan za mu binciki masallatanmu, a gyara sahu cikin hikima ba tare da hayaniya ba.

Na uku, husufi. A 2006, ranar 29 ga Maris, rana ta rufe ruf a Gusau da wasu garuruwanmu, masana kuwa sun faɗi ranar da sa'ar shekaru kafin nan. Wanda ya san wata ne ya gitta tsakaninmu da rana ba zai fito yana kaɗa gwangwani ba, zai nufi masallaci ya yi sallar da Manzo (SAW) ya koyar a ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, inda ya kore cewa mutuwar wani ce ke jawo husufi.

Muna roƙon kowane reshe ya zaɓi mutanensa kafin ƙarshen wannan wata. Allah ya nuna mana gaskiya ya ba mu ikon bin ta, ya haɗa kanmu a kan sunna.