TSIBIRAN DA KE TSAKANIN HAƊEJA DA NGURU



An nemi in yi magana a kan tsibiri da namun dajinsa, alhali mu mutanen Daura ba mu da teku. To, amma muna da tsibirai a gabas da mu, cikin fadamar Haɗeja da Nguru, kuma ba baƙon wuri ba ne gare mu. Duk wanda ya san labarin Bayajida ya san an ce da ya baro Barno, a Garun Gabas ya bar matarsa ta haifi Biram, kafin ya biyo ta Gaya ya iso rijiyar Kusugu. Garun Gabas ɗin nan yana nan kusa da Haɗeja, a gefen wannan fadama.

Ga yadda tsibiran suke samuwa. Kogin Haɗeja da na Jama'are suna gangarowa su tarar da tsofaffin jigayin rairayi sun tare musu hanya. Sai ruwan ya rarrabu, ya bi kwaruruka, ya kewaye tudduna. Daga watan Agusta zuwa Satumba, ƙauyen da ake zuwa da jaki sai an shiga kwalekwale. Ragowar ruwan shi ke zama kogin Yobe, ya nufi tafkin Chadi.

An ƙidaya tsuntsaye fiye da iri 370 a wurin. Akwai na gida: dinya, da kirinjijiya, da zalɓe, da balbela, da gauraka wadda yanzu sai an yi sa'a ake ganinta. Akwai kuma baƙi, agwagin ruwa da ƙananan tsuntsayen bakin tafki da ke tasowa daga Turai da Asiya idan sanyi ya kama can. Su ƙetare Bahar Rum, su ƙetare Sahara, su sauka a nan su yi watanni. Ku dubi girman wannan tafiya ga tsuntsun da bai kai kaza ba! Saboda su ne Yarima Filib, mijin Sarauniyar Ingila, ya ziyarci Dagona a 1989. A shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamun duniya, shi ne na farko a Nijeriya. Baturiya da Dagona suka biyo baya a 2008.

Amma ba tsuntsu kaɗai ke cin wannan ruwa ba. Masu su kama kifi, manomi ya shuka shinkafa, ruwa ya janye ya bi laimar da wake ko masara, Fulani su kawo shanu da rani, mata su saƙa kabar goruba.

Yanzu ga abin da ya kawo ni. A 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Kano, a 1992 aka gama ta Challawa. Ba na cewa aikin banza ne. Kano na shan ruwansu, Kadawa na noma da shi. Sai dai ambaliyar da a shekarun 1960 kan rufe murabba'in kilomita 2,000 ko fiye, ta koma wasu shekarun ba ta kai rabin haka ba. Abin da ya fi wannan ɓarna shi ne sauyin lokacin ruwan. Da, kogi kan cika ya kuma ƙafe. Da aka fara sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, sai kacala ta sami gindin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama maɓoyar jan-baki masu cinye hatsi. Wani gari ya nutse, wani ya bushe, a kogi guda. Masana tattalin arziki da suka auna a farkon shekarun 1990 sun tarar cewa ruwan da aka bari ya malala a fadama ya fi kawo amfani a kan irinsa da aka juya gonakin rani na sama. A ganina, da an yi wannan lissafi tun kafin a zuba siminti, da an gina madatsun da wata dabara.

A 2020 Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan garinmu, ya amince a mai da Baturiya gandun daji na ƙasa. Madalla. Amma mai gadin daji ba shi da iko da ƙofar Tiga, wadda ke hannun Hukumar Raya Kogin Haɗeja da Jama'are a Kano. A can ne ake yanke ranar da za a saki ruwa da yawan da za a saka, kuma wasunku da ke zaune a nan, watakila gobe takardar a teburinku za ta kwana.