Kwamfutar Tebur a Katsina: Mu Sayi Haɗaɗɗiya Mai Araha ko Mu Haɗa Tamu?

Takardar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani na masu gyaran kwamfuta, malaman makarantu da masu shagunan buga takardu, Ƙofar Durbi, Katsina

Gabatarwa



Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, makarantar unguwa ma ta shiga neman ɗakin kwamfuta. Ga kuma ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, da na Al-Qalam, da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, waɗanda aikinsu ke riƙe da shagunan buga takardu na garin nan. Buƙata tana ƙaruwa, kuɗi kuwa suna raguwa: kafin a saki darajar naira a Yunin 2023, dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, amma a 2024 ta haura 1,500. Furosesa, RAM da faifan ajiya duk daga waje ake shigo da su, don haka farashinsu ya bi dala.

Matsayin wannan takarda shi ne: ba a gane darajar kwamfuta ranar saye. Ana gane ta ne daga wutar da take ci, da juriyarta ga zafi da ƙura, da kuma ko mai gyara na nan gida zai iya ta da ita idan ta kwanta.

Hanyoyi uku da ke gaban mai saye

A Turai da Amurka muhawarar tsakanin abu biyu ce, haɗaɗɗiya ko wadda mutum ya haɗa. A kasuwarmu hanyoyin uku ne.

Ta farko ita ce sabuwar haɗaɗɗiya mai araha, wadda sau da yawa ba ta da sunan kamfanin da za a kama. Akwatinta na sheƙi, wani lokaci har da fitilu masu launi. Idan aka buɗe, sai a tarar da furosesa na shekaru goma baya, RAM sanda ɗaya, da tukunyar wuta marar nauyi da aka rubuta mata wat 500 alhali ba ta iya ba da haka. Ragin farashin daga wuraren da ido ba ya gani ake yanko shi. Tukunyar wuta ce ta fi ba ni tsoro, domin idan ta ƙone tana iya tafiya da madabod da faifai gaba ɗaya. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Ta biyu ita ce 'yar Beljiyam, wato ta gwanjo: kwamfutocin ofis irin su Dell OptiPlex, HP EliteDesk da Lenovo ThinkCentre, waɗanda kamfanonin waje ke sallamawa bayan 'yan shekaru, su sauka Legas, su bi ta kasuwar kwamfuta ta Ikeja da titin Beirut a Kano kafin su iso mu. An ƙera su ne don su wuni suna aiki, kuma da yawansu lasisin Windows yana cikin madabod ɗinsu. Aibinsu shi ne kamfanonin kan yi musu tukunyar wuta da madabod na ƙirar kansu, waɗanda na kasuwa ba sa shiga, kuma siririn akwatin ba ya ɗaukar babban katin hoto. Sannan ba duk abin da ya sauko daga jirgi ne ke da rai ba. Ƙasarmu da ta ga an jibge sharar guba a garin Koko a 1988 bai kamata ta karɓi gawar na'ura da sunan gwanjo ba.

Ta uku ita ce haɗawa da hannu. Abin da ya sa take yiwuwa shi ne ƙa'idar ATX da Intel ya fitar a 1995, wadda ta daidaita girman madabod da akwati da mahaɗan wuta, ta yadda kayan kamfanoni daban-daban ke zama tare. Mai haɗawa ya san kowane ɓangare, kuma yana iya sauya ɗaya ya bar saura. Mazaunin furosesa na AM4 daga AMD misali ne mai kyau: madabod ɗaya kan karɓi Ryzen na zubi da yawa, har zuwa jerin 5000. Sai dai babu garanti guda a kan na'urar. Idan wani ɓangare ya zo a mace, mayar da shi Kano ko Legas ɗawainiyar mai saye ce. Kuskure ƙarami, kamar sayen RAM na DDR5 ga madabod mai DDR4, asara ce nan take.

Ma'aunai uku na Katsina

Na farko, wuta. Duk wanda ke kan layin kamfanin rarraba wuta na KEDCO ya san rabin aikinsa a kan janareto ko sola yake. Ƙananan kwamfutocin ofis masu girman littafi yawanci da adafta mai wat 65 suke zuwa, alhali wadda aka haɗa da katin hoto mai ƙarfi takan nemi tukunya mai wat 500 ko fiye. A ɗaki mai kwamfuta talatin, wannan bambanci ne ke yanke girman inbata, yawan batura da litar man da za a ƙona kowace rana.

Na biyu, zafi da ƙura. A watan Afrilu da Mayu zafin garin nan kan haura digiri 40, hunturu kuma ya cika fanka da ƙura. Babban akwati ya fi samun iska kuma ya fi sauƙin sharewa. A nan haɗawa ta yi nasara. Amma kowace iri ce, sai an riƙa hure ta, a sabunta man da ke tsakanin furosesa da abin sanyaya shi.

Na uku, tsawon rai. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 kuma yana neman TPM 2.0 da furosesan Intel na zubi na takwas zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama. Wannan ya raba kasuwar Beljiyam gida biyu. Kalmar "Core i7" a jikin akwati ba hujja ba ce. A duba lambar zubin. Waɗanda ba su kai ba ba shara ba ne, domin Linux Mint ko Ubuntu na tafiya a kansu lafiya lau don koyar da yara da buga takardu, amma a saye su da farashin da ya dace da tsufansu.

Shawarwari

Ga makarantu, ofisoshi da shagunan buga takardu: a sayi 'yar ofis ta zubi na takwas ko sama, a sa mata SSD, a kai RAM ɗinta gigabait 8 ko 16. Wannan rabin haɗawa ce, kuma ita ta fi mayar da kuɗi.

Ga masu tace fim da waƙa, masu zanen gini da injiniyoyi: a haɗa, kuma kada a yi rowa a tukunyar wuta. A nemi mai shaidar 80 Plus daga sanannen kamfani, a ware kuɗin UPS tun farko.

Ga kowane mai saye: kada a biya sai an buɗe akwati, an kunna, an tabbatar babu kalmar sirri a BIOS, an duba lafiyar faifai, an kuma rubuta kwanakin gwaji a rasit.

Ga 'yan'uwana masu sayarwa: mu rubuta zubin furosesa da ainihin halin kaya a gaban kowace na'ura. Ɓoye aibin kaya haramun ne a addininmu, kuma yana kashe kasuwa.

Kammalawa

Ko wace hanya aka bi, a ƙarshe na'urar hannun mai gyara za ta koma. Saboda haka ina kira ga makarantunmu da su daina kulle matattun kwamfutoci a sito. Su miƙa su ga ɗalibai su warware, su haɗa, su gane aikin kowane ɓangare. Ina kuma roƙon iyayen sana'a da ke wannan zaure kowa ya ɗauki yara, maza da mata, ya koya musu wannan aiki har su iya tsayawa da ƙafarsu.

 Allah ya sa albarka a sana'o'inmu.