Bashin Karatu da Makomar Malamin Gobe: Jawabi a Taron Reshe



Maganar da ta tara mu yau ta shafi kusan kowane gida a cikinmu, domin da wuya a sami malamin da ba shi da ɗa, ko ƙane, ko marayan da yake riƙo a jami'a ko kwalejin ilimi. Maganar ita ce bashin karatu na Gwamnatin Tarayya, wanda asusun NELFUND yake bayarwa.

Dokar farko, wadda Shugaba Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2023, ta zo da sharuɗɗa masu tsauri: sai abin da iyalin ɗalibi suke samu a shekara ya gaza naira 500,000, kuma sai ya kawo mutum biyu masu tsaya masa, irin su babban ma'aikacin gwamnati ko lauya. Ina ɗan talaka zai samo su? A watan Afrilun 2024 aka soke ta, aka kafa sabuwa wadda ta cire waɗannan sharuɗɗa, aka kuma fara karɓar buƙatun ɗalibai a watan Mayu. Yanzu ana tura kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, ɗalibi kuma yana iya neman naira 20,000 a wata na ɗawainiya. Babu kuɗin ruwa, abin da ya kwantar da hankalin iyaye da yawa masu gudun riba. Biya yana farawa shekara biyu bayan hidimar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin ɗari na albashi.

Wannan gyara ne na gaske, kuma mun yaba. Duk ɗan da rashin kuɗin rajista zai mayar da shi gida, mu taimaka masa ya nema.

Amma bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma nauyinsa ba ɗaya ba ne a kan kowa. Mu yi lissafi irin na aji. Ɗalibin NCE da ya karɓi kuɗin ɗawainiya kowane wata har shekara 3 ya ci bashin naira 720,000, ban da kuɗin makaranta. In ya fara koyarwa da mafi ƙarancin albashi, naira 70,000, za a riƙa cire masa 7,000 a wata. Zai haura shekara 8 yana biyan wannan kaso kaɗai, a daidai shekarun da yake neman aure da muhalli. Matashi mai hazaƙa da ya yi wannan lissafi zai guji alli, ya nemi aikin da ya fi tsoka. Makarantun ƙauye, waɗanda tun yanzu suke kukan rashin malamai, su ne za su fara ji a jika.

Akwai mafita da aka gwada a wani wuri. A Amurka, tun 2007 doka ta tanadi yafe ragowar bashin karatu ga ma'aikacin gwamnati, har da malamai, bayan ya yi biya na wata 120. Akwai kuma shirin rage bashin malamin da ya koyar shekara 5 a jere a makarantun yankunan marasa galihu. Abin da ya kamata ƙungiyarmu ta nema ke nan: duk wanda ya koyar na wasu ƙayyadaddun shekaru a makarantar gwamnati, musamman a karkara, a yafe masa bashinsa.

Ba muna kira ga ƙin biya ba ne. Hukumar ba ɗalibai bashi da aka kafa a 1972 ta durƙushe ne saboda waɗanda suka ci ba su mayar ba, na baya suka rasa. Wanda ya sami hali ya biya, domin ƙannensa su samu. Malami kuwa yana biya kullum da guminsa a aji, ya dace doka ta lissafa wannan.

Saboda haka muna roƙon reshe ya rubuta wannan buƙata, ya miƙa ta ga uwar ƙungiya ta jiha da wakilanmu a Majalisar Tarayya. A gida kuma mu zauna da 'ya'yanmu, mu duba abin da suka karɓa, su ɗauki iya abin da suke buƙata kawai.

Allah Ya yi wa zuriyarmu albarka, Ya raba mu da bashin da ya fi ƙarfinmu.