Bayanin Kwamitin Sayen Mota A Kan Tafiyar Kwatano



Kamar yadda kowa ya sani, a taron da ya gabata kun ɗora mana nauyi, mu huɗu, mu tafi Kwatano mu dubo motar nan da aka nuna mana hotonta, watau akori-kura mai ɗaki a baya, in ta yi mu saya mu shigo da ita. Dalilin neman motar kuwa ba ɓoyayye ba ne. Daga nan Agege zuwa Kano tafiyar wajen kilomita 1,000 ce, kuma mun sha ganin wahalar da ake yi in za a mai da dattijo marar lafiya gida a cikin motar haya. Shi ya sa kuka yi karo-karo, har da iyayenmu mata masu sai da abinci a bakin tasha. To mun je, mun gani, mun dawo, amma ba mu zo da mota ba. Tun da kuɗin naku ne, wajibi ne mu yi muku bayani filla-filla.

Da farko dai bari mu faɗi irin motar, don wasunmu ba su taɓa ganinta ba. Abu biyu ne aka haɗa. Akwai ita akori-kurar, sa'an nan akwai wani ƙaton akwati da ake ɗorawa a bayanta a ɗaure da sarƙoƙi. A cikin akwatin akwai gado, da murhun gas, da tankin ruwa, da firiji, da ɗan bayi. Yana da ƙafafu huɗu na ƙarfe, in an so sai a tsai da shi a kansu a janye motar daga ƙarƙashi. Mutanen Amurka da Kanada ne ke amfani da irinta in za su yawon hutu ko farauta.

Mun bi ta Badagiri muka ƙetare a Seme, a ofishin haɗin gwiwar nan da shugabannin ƙasashen biyu suka buɗe a watan Oktoba 2018. Filayen sai da motoci suna bakin hanya tun kafin a shiga Kwatano, wajen Ekpe da Sekanji, mota iyakar ganinka. Dillali ya kai mu wurin tamu. Gaskiya ta yi kyau a ido, an wanke ta an goge. A nan ne muka yi kuskuren da za mu amsa a gabanku: da dillali ya ce akwai wani mai saye da zai zo da yamma, sai muka yi gaggawar ba da kafin alƙalami, alhali bakanikenmu bai ko buɗe ƙofarta ba.

Da bakanike ya fara aiki, abu na farko da ya duba shi ne lambar shasi. Tun daga 1981 kowace motar Amurka tana da lamba mai harufa da alƙaluma 17, kuma na goma a jerin shi ke nuna shekarar ƙirarta. Dillali ya ce mana motar ta 2015 ce. Da haka ne, da harafin F za a gani a wurin. Mu kuwa 8 muka gani, watau ta 2008 ce. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin Nijeriya ta iyakance shekarun tsohuwar motar da za a shigo da ita. Da can 15 ne, a 2022 Kwastan ta koma aiki da 12. Ko da wanne aka auna, motar ta wuce. Kuma a 2022 ɗin ne Kwastan ta fara ƙimanta mota ta hanyar lambar shasi, saboda haka shekarar da aka rubuta a rasit ba ta ɓoye kome.

Abu na biyu nauyi. A jikin ƙofar direba akwai 'yar takarda da kamfani ya manna, mai nuna iyakar abin da motar za ta ɗauka, mutane da kaya duka. Da kilo da kuma awon Amurka ake rubutawa. Namu ya ba da wajen kilo 700. Shi kuwa akwatin, farantin da ke jikinsa ya nuna kilo 1,100, tun ba a zuba ruwa a tanki ba, ba a sa gas ba, ba wanda ya hau. Ashe an ɗauko akwatin babbar mota ne aka ɗora wa ƙarama don a sayar tare. Da muka leƙa ƙasa, sifirin na baya har ya miƙe. Direbobinmu da ke nan sun san hanyar Jaba zuwa Mokwa, sun san abin da rami ke yi wa motar da aka yi wa lodi fiye da ƙima, balle mai tsawon da ya haura mita 3, wadda nauyinta ke sama.

Abu na uku jikin ɗakin. Yawancin tsofaffin akwatunan nan da katako ake yin ƙashinsu, a rufe da falle. In rufi ya fara yoyo, ruwa sai ya bi cikin bango yana ruɓar da katakon, ba mai gani. Bakanikenmu ya danna yatsa a kusurwar da ke saman gado, yatsa ya nutse. A daidai inda ƙafa ɗaya take ɗaure ma katakon ya yi laushi, ke nan ranar da aka ce za a tsai da shi a kan ƙafafunsa yana iya kifewa. Ƙarƙashin motar kuma duk tsatsa, irin ta garuruwan da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara.

Abu na huɗu wuta. Kayan cikin ɗakin an yi su ne don wutar Amurka mai ƙarfin 120, tamu kuwa 230 ce. Ka jona kai tsaye, ka ƙone su nan take, sai an nemo taransifoma. Na'urar sanyaya ɗakin ba da injin motar take aiki ba, sai an sami wutar gida ko janareta. Bakin tukunyar gas ɗin ma ba irin namu ba ne.

Na biyar shi ne wanda ya fi sanyaya mana gwiwa. Ɗakin nan ba a yi shi don a zauna ciki mota tana tafiya ba. Babu bel, babu kujerar da aka kafe don tafiya, kuma direba ba ya iya kaiwa ga na ciki sai ya tsaya ya zagayo ta baya. Har wasu jihohin Amurka sun hana ɗaukar mutum a ciki. To jama'a, mu da muke son kwantar da marar lafiya tun daga Legas har Kano, ina amfaninta gare mu?

Yanzu sai maganar takardu da iyaka, wadda muke roƙon kowa ya kasa kunne, ko da ba shi da niyyar sayen irin wannan mota.

Motar da ta fito daga Amurka ta hanyar ƙa'ida tana da takardar mallaka, wadda dole a nuna wa Kwastan ɗin can aƙalla awa 72 kafin a fitar da ita. A jikin takardar ake rubutawa in motar ta taɓa yin mummunan haɗari ko ta nutse a ambaliya har inshora ta sallama ta. Mun nemi ganin kwafinta, aka ce tana wurin maigida, maigida kuma ya yi tafiya. Shi kuwa akwatin, a yawancin jihohin Amurka kaya ake ɗaukarsa, ba mota ba, don haka ba shi da takardar mallaka tasa. Shaidarsa ita ce rasit na saye mai ɗauke da lambar jikinsa, da kuma ambatonsa a takardar lodin jirgi. Ko ɗaya ba a nuna mana ba.

Sa'an nan mu zo kan babbar magana. A watan Disamba 2016 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar hana shigo da motoci, sababbi da tsofaffi, ta iyakokin ƙasa, dokar ta fara aiki ran 1 ga Janairu 2017. A watan Agusta 2019 aka rufe iyakokin ɗungurungum, aka sake buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum a Disamba 2020, amma wannan buɗewar ba ta shafi motoci ba. A 2023 an yi ta jita-jitar an ɗage hanin, Kwastan ta fito ta ƙaryata. Dillalinmu ya rantse an ɗage. Muka ce ya nuna mana takardar sanarwa, sai ya sauya zance.

Maimakon takarda sai ya kawo mana wani mutum, wai shi ne mai fito. Ya ba mu zaɓi uku. Na ɗaya, ya bi da ita ta daji da dare ya ajiye mana a Agbara, takardun kuɗin fito kuma zai "haɗa" mana daga baya. Na biyu, a maƙala mata lambar Binin a shigo kamar baƙo ya zo ziyara. Na uku, a yi mata takardar wucewa zuwa Nijar, a juyo da ita ta Maraɗi.

Duk ukun fasa-ƙwauri ne, kowane da rigarsa. Izinin baƙo na ɗan lokaci ne, in ya ƙare dole mota ta koma. Hanyar Nijar kuwa, iyakar ƙasa ce ita ma, hanin bai ware ta ba, ban da cewa bayan juyin mulkin Yuli 2023 an rufe gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya. Ita kuma ta daji, a ce ma an tsallake shingen Gbaji da na Agbara, ai ba a gama ba. Jami'an Kwastan suna tare mota a kowace hanya a ƙasar nan, su buga lambar shasi a kwamfuta, in ba a ga biyan kuɗin fito ba a kama ta, ko bayan shekara nawa ne. Ƙaramar mota mai kama da dubu tana iya sajewa. Wannan kuwa, mai ɗaki a ka, da sunan ƙungiya a jiki, ina za ta ɓuya? In aka kama ta, kuɗinku ya tafi, direbanmu ya shiga hannu, a kuma buga a jarida cewa Hausawan Agege ne. Mu da muke zaune cikin mutane da mutunci tun zamanin kakanni, ba mu ga ribar da za ta biya wannan ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Mun nemi a mayar mana da kafin alƙalami, aka ce ciniki mu muka fasa. Bayan doguwar magana, da taimakon wasu dattawan zangon Kwatano, aka dawo da rabi. Sauran rabin mu huɗu mun amince za mu biya daga aljihunmu, domin gaggawarmu ce ta jawo. Kuɗin mota da masauki kaɗai muka sa a lissafin ƙungiya. Ragowar duka mun mayar wa Ma'aji, rasit yana hannunsa, duk mai son gani ya je ya gani.

Ga shawarwarinmu.

Na ɗaya, a bar maganar mota mai ɗaki. A nemi bas mai dogon bodi wadda ta riga ta shigo ta tashar Tin Can ko Apapa, a cire kujerun baya, maƙeranmu su kafa gado mai bel da wurin zaman mai jinya.

Na biyu, kafin a ba da ko kwabo, a kai lambar shasi da takardun kuɗin fito ofishin Kwastan a tabbatar na gaske ne. Bakanike ya riga mai kuɗi isa wurin mota.

Na uku, in an fi son a yi odar mota daga waje, to ta jirgin ruwa kai tsaye zuwa Legas, ta hannun ejan mai lasin. A tabbatar sitiyarinta a hagu yake, domin tun Afrilu 1972 muka koma tuƙi ta hannun dama, kuma mai sitiyari a dama, irin ta Ingila da Japan, ba a yarda da ita ba. A kuma sani kuɗin fito da dala ake lissafa shi bisa canjin lokacin, ga harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari tun Fabrairu 2020, ga kuɗin tasha, ga la'adar ejan. Kuɗin sayen mota daban, kuɗin fito da ita daban, kada a tashi sai an tanadi duka biyun.

Na huɗu, ga matasanmu da ke ganin hotunan motoci a waya suna tura kuɗi: cinikin biri a sama ke nan. Mu da muka je da ƙafarmu ma ga yadda muka ƙare.

Malam Shugaba, iyakar abin da ke tafe da mu ke nan. Mun san wasu sun zo yau da zumuɗin ganin mota a ƙofar zaure, muna ba su haƙuri. Muna roƙon a sa shawara ta ɗaya a gaban taro a yanke, in an amince a ƙara mana direba ɗaya da maƙeri ɗaya a cikin kwamiti, mu fara zagaya wuraren sai da motoci na nan Legas tun daga makon gobe. Inda muka yi kuskure a yafe mana.